Amyoyin Dogo da Ba Su Hau Taswira Ba

Akwai wani mai kiwon zuma da kowa ke kira Dogo, a wani ƙauye da ke bakin babban gandun daji na gwamnati. Tun tasowarsa yake shiga dajin nan. Ya san inda ruwa ke kaiwa tsakiyar rani bai ƙafe ba, ya san bishiyar da ke fara fure, ya san wadda ke rufe baya.

Yana da amya talatin da huɗu a cikin gandun, duk shi ya saƙa su da hannunsa, ya ɗora su a bishiyoyi. Da zumarsu yake ci da gidansa. Amma ko matarsa bai taɓa gaya wa inda suke ba. Haka masu zuma suke. Mutum zai gaya maka ciwon da ke jikinsa, ba zai gaya maka inda amyarsa take ba.

A da, tsakanin mutanen ƙauyen da ma'aikatan gandu ba a ga maciji. Su kora, mutane su gudu, gobe su dawo ta wata hanyar. Da aka gaji, sai aka zo da sabon tsari. Aka ce za a kafa kwamitin haɗin gwiwa, mutum shida daga ƙauyukan da ke kewaye, mutum shida daga ma'aikata. Inda za a yi kiwo, inda za a yanki shuci, inda za a hutar, duk sai ɓangarorin biyu sun yarda.

Aka ce kowane ƙauye ya ba da wakili ɗaya.

Dogo bai ko yi shakka ba. Ranar zaɓe ya sa aka goge masa rigarsa mai ruwan toka, ya je da wuri, ya zauna a bencin gaba.

Sai mutane suka zaɓi ƙanensa, Auta.

Auta tela ne. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, Dogo ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Ba shi da hayaniya. Idan kana magana zai dakatar da keken ɗinkinsa ya saurare ka har ka gama, kuma yana iya rubutu mai kyau. Mutane suka ce irinsa ake bukata, wanda zai zauna da ma'aikata ba a tashi da faɗa ba.

Dogo ya yi tafi tare da kowa. Har ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce Allah ya taya riƙo. Da ya koma gida ya cire rigar ya jefa a kan gado, abincin da aka ajiye masa ko buɗewa bai yi ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ai abin farin ciki ne. Gida bai rasa ba."

Ya ce, "Wane gidan? Yaron da na goya a wuyana? In na kai shi bakin ƙorama na juya shi sau biyu, sai an yi cigiyarsa."

Ta ɗauke abincin. Ta san irin wannan muryar.

Daga nan abubuwa ƙanana suka fara tsaya masa a rai. An ba Auta wata koriyar falmaran mai aljihu huɗu, da tambarin gandu a ƙirji. Idan 'yan'uwan biyu suna tafiya tare, sai a fara cewa "Wakili, barka da hantsi", sannan a waiwayo a ce "A'a, Dogo, ashe tare kuke." Mutum mai tsawo irin nasa, wai ba a gan shi ba.

Wanda ya fi yi masa ciwo na mahaifiyarsu ne. Inna ta tsufa, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta ce, "Autana yana can wurin taro da manya." Dogo yana zaune a gefe, da kwalbar zumar da ya kawo mata a gabanta.

Auta kuwa bai canza ba. Ranar nan ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida yayansa kamar kullum.

Ya ce, "Yaya, ni fa aikin nan ya fi ƙarfina in babu kai. Suna kiran wurare ina gyaɗa kai kawai. Ka riƙa raka ni mana."

Dogo ya yi dariya ta gefen baki. "In raka ka a matsayin me? Mai riƙe maka jaka?"

"Haba Yaya."

"Ai kai aka zaɓa. Ka auna dajin da awon ɗinkinka, in ya yi maka yawa ka rage masa hannu."

Auta ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama.

Bayan ruwan sama ya ɗauke, kwamiti ya kira taro a ƙauyen. Jami'in gandu, wanda mutane suka sa wa suna Mai Taswira saboda kullum yana tafe da ita a naɗe a hammata, ya shimfiɗa ta a kan teburin makaranta, aka danne kusurwoyinta da duwatsu.

Ya yi bayani a hankali. Ya ce kowace shekara gobara ce ke cinye gandun idan ciyawa ta bushe ƙamas. Saboda haka kwamiti ya yarda a riƙa ƙona wasu wurare da wuri, tun ciyawa da sauran ɗanyenta, da sassafe kafin raɓa ta bushe. Irin wannan wutar ba ta haukacewa, kuma tana tare wa babbar gobara hanya.

Ya ce, "Amma kafin mu kunna ashana, duk mai wani abu a cikin gandu ya zo ya nuna a nan. Mai amya ya nuna, mai itacen magani ya nuna. Za mu je mu zagaye bishiyar da farin fenti, mu share gindinta taku goma ta kowane ɓangare. Inda babu fenti, a wurinmu babu kowa."

Ya ƙara da cewa duk abin da mutum ya nuna, wakilin ƙauyensa zai sa hannu a kai, cewa gaskiya ne.

Masu zuma suka fara kallon juna. Ba ƙaramin abu ba ne a ce ka ɗora yatsa a kan sirrinka a gaban jama'a. Auta ya tashi ya lallashe su, ya ce taswirar a kulle za ta zauna, ba mai ganinta sai kwamiti. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa suna nunawa, wasu suna kare yatsan da ɗaya hannun.

Da aka zo kan Dogo, ya tsaya yana kallon takardar. Ga wurinsa can a yamma, wani kwari a bayan babban dutse. Ya gan shi sarai. Sai ya ɗaga kai ya ga yadda Mai Taswira ke dafa ƙanensa suna magana ƙasa-ƙasa.

Ya ɗora yatsansa a gabas, kusa da wata tsohuwar rijiya, tafiyar rabin yini daga bakin gandu.

Ya ce, "Nan."

Auta bai tambayi komai ba. Ya sa hannu.

A lissafin Dogo ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sirrinsa yana nan, kuma idan aka je aka tarar babu komai, kowa zai san wakilin da aka zaɓa bai san abin da yake sa wa hannu ba. Bai kawo a ransa cewa wuta za ta bi ta kwarinsa ba. Wuri ne mai wuyar shiga, shekara da shekaru bai taɓa haɗuwa da kowa a can ba.

Haka kuwa aka yi. Masu fenti suka ɗauki bokiti, Auta na gaba, suka yini suna zagaye rijiyar. Ko tsohuwar amya ba su gani ba. Suka dawo da ƙafafu a kumbure. A zaman kwamiti wakilin wani ƙauye ya ce, "Wakilin da bai san inda yayansa ke cin abinci ba, ina zai san na sauran gari?" Aka yi dariya. Mai Taswira bai yi dariya ba, amma ya ce daga yau a riƙa tabbatarwa kafin a sa hannu.

Labarin ya riga Auta isowa gida. A ranar Dogo ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Da yamma Auta ya shigo. Bai zauna a kan kujerar da aka miƙo masa ba.

"Yaya, mun je ba mu ga komai ba."

"To, ƙila ba ku iya dubawa ba. Sama ake kallo, ba ƙasa ba."

"Mun kalli saman har wuya ya ƙage. Don Allah ka gaya mini, suna ina?"

Dogo ya ga idan ya faɗa yanzu, ƙaryar ta fito fili. Sai ya ɗora wata a kanta. "Na tuna ma. Na kwashe su tun bara, na kai gonar wani abokina. Mantawa na yi."

"Ke nan babu amyarka ko ɗaya a cikin gandu?"

"Babu."

"Yaya, ko ɗaya?"

"Kai kurma ne? Na ce babu."

Auta ya ce to, ya fita. Matar Dogo tana bakin murhu, ta ji komai. Ba ta taɓa zuwa wurin amyoyin ba, amma ita ke wanke masa kaya. Ta san jan laka da ke manne a takalminsa duk ranar da ya dawo da zuma, kuma kowa a ƙauyen ya san jan laka sai bayan dutse.

Ranar Litinin ta je wurin injin niƙa. Nan ta ji mata suna hira cewa an manna takarda a allon ofishin gandu. Ranar Alhamis za a ƙona kwarin bayan dutse, tunda ba na kowa ba ne.

Ta dawo ko ƙullin garin ba ta kwance ba.

"Baban yara, Alhamis za su sa wa bayan dutse wuta."

Yana gyaran igiya. Hannunsa ya tsaya. "To, ina ruwana da bayan dutse?"

Ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. "Shekara goma sha huɗu ina kankare jan laka a takalminka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma ka tashi ka je wurin ƙanenka. Kwana uku ya isa a shafa fenti."

"In je in ce masa me? Na yi ƙarya, a yi haƙuri?"

"Haka za ka ce. Ɗaki ɗaya, ku biyu. Wa zai ji?"

Ya yi tsaki. "Ni da hannuna zan share. Tun kafin a haifi kwamiti nake kula da amyoyina."

Ranar Talata ya ɗauki adda ya tafi. Ciyawar kwarin ta fi shi tsawo, shi da ake kira Dogo. Ga shi tun da gwiwa ta fara damunsa ya daina hawa can sama, yawancin amyoyin a rassan ƙasa ya ɗora su, inda harshen wuta zai iya kaiwa. Ya yi ta sara har tafin hannunsa ya yi bororo. Da rana ta yi sanyi ya ƙirga, gindin bishiya huɗu kawai ya share. Ya gwada sauke amya ɗaya ya ɗauke ta. Ta yi nauyi da zuma, ƙudan suka taso masa, ya mayar da ita da kyar.

Ya dawo yana ɗingishi. Matarsa ta dafa ruwa ta gasa masa gwiwar. 

Ranar Laraba ya sa hula ya nufi shagon Auta. A hanya yana ta haɗa kalmomin da zai faɗa. Ya tarar da shi shi kaɗai, yana ɗinka wa wata yarinya kayan makaranta.

"Yaya! Shigo mana." Auta ya kwashe yadudduka daga kan benci, ya karkaɗe masa.

Dogo ya zauna. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya gyara murya.

"Dama zuwa na yi..."

Sai ga wani makiyayi ya yi sallama, da ƙwaryar madara a hannu. Ya durƙusa a bakin shago.

"Wakili, godiya na zo yi. Mashayar nan da ka tsaya aka buɗe mana, shanuna sun dawo hayyacinsu. Ni dai ban taɓa ganin mutum irinka ba. Gidanku kaf kai ne fitila." Sai ya lura da Dogo. "Au, sannu Dogo. Ka yi dacen ƙane."

Dogo ya amsa da ka. Maganar da ta zo har bakinsa ta koma ciki ta zauna kamar dutse.

Da makiyayin ya tafi, Auta ya ce, "Kana cewa, Yaya?"

Dogo ya kalli wandonsa, inda ƙaya ta yaga jiya. "Wannan za ka kama mini."

Auta ya durƙusa a gabansa da allura, ya ɗinke yagar a jikinsa, ya ciji zaren. Yana ɗinkin yana cewa, "Gobe da sassafe za mu fita bayan dutse. Ni ne zan shiga gaba, ka ji rashin sa'a. Ka yi mini addu'a kar in ɓata."

Dogo yana kallon tsakiyar kan ƙanensa. Ya ce, "Allah ya tsare."

A gida matarsa ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Ba ka faɗa ba."

"Wane aikin gwamnati kika taɓa ganin an yi ranar da aka ce? Za su ɗaga. Ko mota ta lalace, ko mai ya ƙare."

"In ba su ɗaga ba fa? Bari in je ni in gaya masa."

"In kika taka ƙofar gidansa da maganar nan, ban yafe ba."

Ta koma ɗaki. Ita ma daga baya ta ce ta yi nadamar jin maganarsa a ranar.

Alhamis gari na wayewa, raɓa ta jiƙa ko'ina, sai aka ji ƙugin motar gandu ta wuce ta bayan gida. Dogo yana tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Ya saurara har ƙarar ta ɓace ta yamma.

Ya ajiye butar. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga ya fito, ba tare da ya ɗauko komai ba. Matarsa ta jawo kekensa ta tsayar a gabansa.

Ya hau.

Kafin ya isa ƙofar gandu, wani farin hayaƙi siriri ya fara tashi daga bayan dutse. Mai gadin ƙofa, wani dattijo da suka sha tsere da Dogo a shekarun baya, yana zaune yana shan shayi.

"A'a, Dogo, yau ta ƙofa? Ashe ka san inda take."

"Ka tsayar da su. Amyoyina suna cikin kwarin."

Dattijon ya ajiye kofi. "Waɗanne amyoyi? Ba an ce ka kwashe ba?"

"Suna ciki. Talatin da huɗu."

Mai gadin ya ɗauko oba-oba, na'urar da ma'aikatan gandu ke magana da juna da ita, ya kira. Muryar Mai Taswira ta fito tana kakkarcewa. Ya ce ba zai janye mutane daga bakin wuta a kan an ce an ce ba. Mai amyoyin da kansa ya ce babu, wakilinsa kuma ya kawo wa kwamiti haka. In akwai wata magana, mai ita ya faɗa da bakinsa.

Dattijon ya miƙo wa Dogo na'urar. "Danna nan ka yi magana. Amma ka sani, duk wanda ke riƙe da irinta a gandun nan yana ji. Har wakilan sauran ƙauyuka."

Dogo ya riƙe ta. Ya kalli hayaƙin, ya ga ya fara kauri.

Ya danna.

"Ni ne Dogo. Ƙarya na yi. Wurin da na nuna a taswira ba nan ba ne, kuma ban kwashe komai ba. Wakili bai san komai ba, ni na yaudare shi. Da gangan na yi."

Sai ƙarar iska a cikin na'urar.

Can sai muryar Auta. Ba faɗa, ba tambayar dalili.

"Yaya, daga ina suka fara, a ina suka ƙare?"

"Daga bakin ƙorama har ƙarƙashin dutse."

"Bakin ƙorama ya riga ya kama. Ina suka fi yawa a sama?"

"Akwai tsamiya uku a jere, hannun dama in kana hawa. Da marke biyu a bayansu."

"To. Muna zuwa."

Duk wanda ya fita aikin a ranar, ma'aikaci da ɗan ƙauye, ya ajiye abin kunna wuta ya karyo ɗanyen reshe. Suka zagaya ta sama suka tare wutar suna bugu. Wuta ce ta safe, ba ta da ƙarfi sosai, amma ciyawar ta yi tsawo, kuma hayaƙi ya riga ya tayar da ƙudan. Suka riƙa harbin duk wanda suka samu. Ba wanda ya gudu.

Da Dogo ya iso a bayan babur ɗin mai gadi, an kashe ta. Ƙasan kwarin ya zama baƙi. Amyoyin da ke rassan ƙasa sun ƙone sun zube, zuma ta narke ta bi jikin bishiyoyi, ƙamshinta ya haɗu da ƙauri. Wasu ba su ƙone ba, amma ƙudan sun tashi sun bar su fayau. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne.

Tara ya samu da sauran rai.

Auta yana zaune a kan wani dutse, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa ya yi suntum. Dogo ya tsaya a gabansa. Sai ya tsuguna, ya kama fuskarsa, ya fara zare masa ƙarin ƙudan da farce, ɗaya bayan ɗaya.

Auta ya ce, da kyar ake gane maganar, "Jiya da na ɗinke maka wando, wannan ka zo faɗa?"

"Shi ne."

"Da ka faɗa, Yaya. Fentin yana nan a shagona, a ƙarƙashin bencin da ka zauna."

Bayan mako ɗaya kwamiti ya zauna. Akwai doka, kuma ba ma'aikata suka kawo ta ba, mutanen ƙauyukan ne suka nemi a sa ta tun farko: duk wanda ya ba kwamiti bayanin ƙarya, za a karɓe katinsa na shiga gandu na shekara ɗaya. Mai Taswira ya ce Auta yana iya fita waje, tunda maganar ɗan'uwansa ce. Auta ya ce zai zauna. Da aka ce waɗanda suka yarda su ɗaga hannu, ya ɗaga nasa, kansa a sunkuye.

Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Auta ba. Ta ce wane irin ƙane ne zai ɗaga wa yayansa hannu a gaban bare. Dogo ne ya je ya same ta. Ya ce, "Inna, in da bai ɗaga ba, gobe ba wanda zai ƙara yarda da sa hannunsa. Ni na riga na ɓata masa sau ɗaya. Ya isa."

Sai dai ga amya tara a cikin gandu, ga mai su ba shi da ikon taka ciki. Idan ba a kula da su ba, tururuwa da zafin rana za su ƙarasa abin da wuta ta bari. Kuma su ne kaɗai abin da ya rage wa gidan.

Da la'asar Dogo ya je shagon. Ya roƙi alli na ɗinki da wani tsohon kwali. Ya zauna a ƙasa ya zana ƙorama, ya zana dutse, ya ɗiga wurare tara.

"Wannan ta tsakiya masu faɗa ne, kar ka zo musu ta gaba. Wannan kuma tana son inuwa, ka ƙara mata ciyawa a kai. Toka za ka zuba a gindin kowace, saboda tururuwa. Hayaƙi kaɗan ake sawa, kaɗan, ba irin wanda kuka yi musu ba."

Auta ya yi dariya da leɓen da bai gama saɓewa ba. "Yaya, ni fa tela ne."

"Na sani. Matso ka gani. In ka ɓata a nan, ka dawo ka tambaye ni, ina bakin ƙofa wurin tsohon can ina jiranka."

Auta ya ture keken ɗinki gefe, ya sauko ƙasa kusa da yayansa.

Darasi: Hassada ba ta fara cin wanda ake yi wa, abin hannun mai yinta take fara ci. Dogo ya so ya kunyata ƙanensa, sai ya rasa amya ashirin da biyar, kuma gaskiyar da ya kasa faɗa wa mutum ɗaya a cikin shago, ya faɗe ta a kunnen kowa. Idan Allah ya ɗaga ɗan'uwanka, ka tsaya kusa da shi ka ba shi abin da ka sani. Idan kuma an haɗu ana kula da abin da na kowa ne, daji ne ko ruwa ko makiyaya, kar ka ɓoye gaskiya don ka ga wani ya faɗi. Wanda ya karanta, don Allah ya tura wa 'yan'uwa. Ƙila akwai mai wata magana a baki yau, da gobe za ta yi latti.